Gidan da ya girmi zanensa

Maginan gargajiya na Anka da Gummi da Bukkuyum a jihar Zamfara ba daga takarda suka gaji gini ba. Maigida ya nuna wuri, magini ya shata a ƙasa, a jera tubali, a ɗora azarar giginya, tsawon azarar kuma shi ke yanke faɗin ɗaki. Daga nan gidan ba ya zama yadda aka bar shi. Ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe. Magada su raba gado, a toshe ƙofa a huda wata. Damina ta ci katanga, a tayar da ita kamu ɗaya gaba ko baya. Don haka mai son shigar da sabon abu cikin tsohon gini a wannan yanki, wayar lantarki ce ko famfo ko bututun na'urar sanyaya ɗaki, wajibi ne ya auna ginin kafin ya amince da kowane zane.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne cikin masifa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Magani kaɗai ba ya wadatarwa muddin yaro zai koma rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa cutar, sai aka shiga aikin kankare saman ƙasa, a kwashe, a zuba mai tsabta. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics da ma'aikatan jihar Zamfara da mutanen gari suka bi ƙauyukan Dareta da Abare da Yargalma da Tungar Guru da sauransu, Bagega kuwa sai 2013 aka kai gare ta, bayan jinkirin kuɗin gwamnatin tarayya. Babu ofishin da ke riƙe da taswirar waɗannan gidaje. Sai da aka nemi izinin wuce zaure, aka zana kowane gida yadda aka same shi, aka gwada ƙasarsa wuri-wuri da na'ura, aka kuma saurari masu gidan kan inda aka yi niƙa da inda aka shanya garin.

Wani zai ce ba a kasafin kuɗi sai da zane, kuma aikin da ba shi da zane ƙofar cuwa-cuwa ce. Wannan gaskiya ne, amma ai a Dareta ma an yi zanen, bayan awo aka yi shi. Wani kuma zai ce wannan matsalar ginin ƙasa ce, ginin siminti yana da takardunsa. Sai dai makaranta ko asibitin da ya shekara 40 an ƙara masa ɗakuna, an canja rufi, takardar kuwa tana nan yadda aka zana ta ranar farko. Ma'aikacin da ya yanka bututunsa a Gusau bisa wannan takarda zai iso Gummi ya tarar da bango a inda aka zana ƙofa, ko dai ya sake yanka, ko ya fasa abin da ke riƙe da rufin.