Tortellini: daga romon Kirsimeti na Bolonya zuwa kwanon salatin Amurka

A manyan kantunan Amurka akwai wata irin taliya da ake sayarwa cikin leda a ɓangaren kayan sanyi, mai siffar ƙaramin zobe, da cuku a cikinta. Sunanta tortellini. Uwar gida da ta taso daga aiki a gajiye takan zuba ta a tafasasshen ruwa, bayan ƴan mintoci ta tsame, ta ɗauraye da ruwan sanyi. Sa'an nan ta yanka tumatir da kokwamba da tattasai da albasa, in da hali ta ƙara ƴaƴan zaitun, ta kwarara mai da binegar, ta juya. Kafin minti 20 abinci ya kammalu, kwano guda kuma yakan ishi iyali har a tafi da saura wurin aiki washegari. Amurkawa suna lissafa wannan salati cikin cimar da ba ta cin aljihu, irin wadda ake kaiwa taron maƙwabta ko walimar makaranta a lokacin zafi. Da mutumin Bolonya na farkon ƙarni na 20 zai ga kwanon nan, da wuya ya yarda abincin garinsu ne. A wurinsa tortellini cimar Kirsimeti ce, da zafinta ake shan ta cikin romo, kuma yini guda mata kan ɓata wajen naɗa ta.

Asalinta yankin Emiliya ne, a arewacin Italiya, inda birane biyu, Bolonya da Modena, suke kan tsohuwar hanyar da Rumawa suka shimfiɗa a shekara ta 187 kafin haihuwar Annabi Isa. Tsakaninsu bai fi kilomita 40 ba, amma gabarsu ta daɗe. A 1325 sun gwabza yaƙi a Zappolino, Modena ta yi nasara, mayaƙanta suka kwashe wani gugan katako daga wata rijiya ta Bolonya don su ci fuskar abokan gaba. Har yau gugan yana ajiye a Modena. A 1622 mawaƙi Alessandro Tassoni ya fitar da doguwar waƙar barkwanci a kan wannan guga. Fiye da shekara 200 bayansa wani injiniya mai suna Giuseppe Ceri ya ɗora tasa waƙar a kan ta Tassoni, kuma daga nan ne tatsuniyar da kowane ɗan yawon buɗe ido yake ji ta bazu: wai Venus, gunkiyar ƙauna ta Rumawan dā, ta kwana a wani masauki a garin Castelfranco, mai masaukin ya hango cibiyarta, ya ruga madafa ya naɗa kwaɓin alkama a kan siffarta. Zaɓen garin ba banza ba ne. Castelfranco yana tsakanin biranen biyu, yana ƙarƙashin Bolonya har 1929, lokacin da aka mayar da shi lardin Modena. Ta haka kowane ɓangare ya sami abin riƙewa. Tatsuniyar dai sulhu ce ta mawaƙa, ba ta da wata alaƙa da yadda abincin ya samu.

Abin da takardu suka tabbatar ya fi haka sauƙi. Tun tsakiyar zamani masu dafa wa sarakuna da attajiran Italiya sun san cusa nama ko cuku ko ganye cikin siririn kwaɓi. A cikin littafin Decameron na Boccaccio, wajen 1350, akwai labarin wata ƙasar mafarki mai dutsen gogaggen cukun Parma, inda ake dafa taliya cikin romon zakaran da aka fiɗiye. Wato ga talakan wancan zamani, wannan cima tana cikin abin da ake gani a mafarki kawai. A 1570 Bartolomeo Scappi, kukun Fafaroma Pius na biyar, ya buga babban littafinsa na girki, a ciki har da abin da ya kira tortelletti. Akwai mai ƙirjin zakara, akwai mai naman alade, akwai mai ganye, kuma sukari da kirfa suna shiga ciki, abin da ba wanda zai yarda da shi a Bolonya ta yau.

Tsadar wannan abinci a wurare uku take. Na farko kwaɓin: garin alkama mai laushi da ƙwai, ƙwai ɗaya ga kowane giram 100, a ƙasar da manoma da yawa suka rayu a kan faten masara har cikin ƙarni na 20. Na biyu romon, wanda sai an yanka zakara an haɗa da naman sa, a bar tukunya kan wuta awoyi. Na ukun shi ne wanda ba a cika lissafawa ba, wato hannun mata. Mai murza kwaɓin, wadda ake kira sfoglina, takan shimfiɗa shi da doguwar sanda a kan faifan katako har ya yi shara-shara. Sai a yanka shi murabba'i-murabba'i, kowane bai fi santimita uku ko huɗu ba, a ɗora ɗan curin nama, a ninke, a naɗe a kan ɗan yatsa, a manne bakunan. Dole a yi sauri kafin kwaɓin ya bushe, mutum ɗaya kuwa yakan ci gommai a zama guda. Saboda haka jajibirin Kirsimeti kaka da uwa da surukai da ƴan mata kan kewaye teburi ɗaya, ana naɗi ana hira. Wanda ya taɓa ganin matan gidan biki suna murza taliyar hannu a ƙasar Hausa ya san irin zaman da ake nufi, ya kuma san cewa rabin labarin dangi a irin wurin nan ake jin sa.

A 1891 wani tsohon ɗan kasuwa mazaunin Firenze, Pellegrino Artusi, ya buga da kuɗinsa littafin girkin da ya zama na kowane gida mai karatu a sabuwar ƙasar Italiya. Tortellini ta Bolonya tana ciki, kuma abin cusawarta a wurinsa shi ne busasshiyar cinyar alade, da tsiran alade na Bolonya da ake kira mortadella, da ɓargon sa, da cukun Parma, da ƙwai, da gyaɗar ƙamshi. A riƙe ɓargon nan, don nan gaba zai ɓace.

Abin da ya canza al'amarin shi ne aikin albashi. Daga ƙarshen shekarun 1950 arewacin Italiya ya cika da masana'antu, mata suka fita aiki, firigo ya shiga gidaje, lokacin zaman naɗi ya ƙare. Wani matashi mai gasa burodi, Giovanni Rana, ya lura da haka. A 1962 ya buɗe ƙaramar masana'anta a San Giovanni Lupatoto kusa da Verona, yana yin tortellini yana rarrabawa a kan babur. Ba shi ne na farko ba: gidan Bertagni yana wannan sana'a a Bolonya tun 1882. Amma inji ya koyi naɗi da sauri, daga baya kuma aka gano dabarar rufe taliyar cikin leda bayan an sauya iskar da ke ciki, ta yadda abin da dā yake lalacewa cikin kwana biyu ko uku zai yi makonni. Abincin da ake jira shekara guda ya zama na kowace Talata. Wasu gidajen abinci ma suka daina wahalar romo, suna zuba mata kirim ɗin madara.

A cikin wannan yanayi ne dattawan Bolonya suka tashi tsaye. Ranar 7 ga Disamba 1974, wata ƙungiya mai suna Dotta Confraternita del Tortellino, tare da Cibiyar Nazarin Girkin Italiya, ta ajiye a ofishin majalisar ƴan kasuwan birnin takardar da ta fayyace abin da ya halatta a cusa: naman gadon bayan alade, busasshiyar cinya, mortadella, cukun Parma, ƙwai da gyaɗar ƙamshi. Ɓargon Artusi ya fita, kaza ba ta sami shiga ba. Wannan takarda ita ce a yau ake kira girkin asali, alhali shekarunta ba su kai na injin da ta zo yaƙa ba. Malamai da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu sun san wannan hali: sau da yawa ba a rubuta al'ada sai ranar da aka ji tana kuɓucewa, kuma mai rubutun yakan ɗauki yadda gidansu ke yi ya mai da shi doka.

Hanyar Amurka kuwa dabam take. Italiyawa wajen miliyan 4 da suka shiga ƙasar tsakanin 1880 da 1924, akasarinsu mutanen kudu ne, na Napoli da Kalabriya da Sisiliya, masu busasshiyar taliya da miyar tumatir. Tortellini ba abincinsu ba ce, shi ya sa ta makara wajen shiga tukunyar Amurka. Abin da Amurkawa suka riga suka saba da shi tun farkon ƙarni na 20 shi ne makaroni mai sanyi da mayonez. Akwai kuma wani ruwan mai da binegar da kayan ƙamshi da ake sayarwa cikin kwalba da sunan na Italiya, wanda kamfanin Wish-Bone ya yi fice da shi, asalinsa kuwa wani gidan abinci ne a Kansas City a shekarun 1940. A 1977 wani kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin George McGovern ya shawarci jama'a su rage kitse su ƙara cin hatsi, taliya ta sami sabuwar daraja. A shekarar ce kuma wasu mata biyu, Julee Rosso da Sheila Lukins, suka buɗe ɗan shagon dafaffen abinci a New York mai suna The Silver Palate, wanda littafin girkinsa na 1982 ya shiga gidaje masu ɗimbin yawa. Shaguna irin wannan ne suka mai da taliya mai sanyi da mai da ɗanyen ganye abin yayi na shekarun 1980. Da manyan kamfanoni irin su Nestlé suka kai taliyar leda kantuna a ƙarshen shekarun, abin ya sauko daga masu kuɗi zuwa kowa. A 2012 gidan Rana da kansa ya buɗe masana'anta a Bartlett, kusa da Shikago.

Idan aka duba da kyau, arahar salatin nan ta samu ne daga cire abubuwa ukun da suka sa tortellini tsada. Inji ya ɗauke hannun mata, kwalbar mai da binegar ta maye gurbin romon zakara, cuku mai sauƙin kuɗi ya maye gurbin nama, kayan lambu kuma suka cika kwano ta yadda leda ɗaya za ta ciyar da mutum huɗu ko biyar. Tumatir da tattasan da ke ciki ma ƴan asalin nahiyar Amurka ne, Italiya ba ta san su ba sai ƙarni na 16. Ba adalci ba ne a raina wannan kwano: ya ba matar da ba ta da awa uku damar ciyar da ƴaƴanta ganye da abin da zai riƙe ciki, kuma irin mai cukun ta buɗe ƙofa ga Musulmi da Yahudawa da waɗanda ba sa cin nama. Abin da ya salwanta shi ne teburin jajibiri, wanda ba a sa shi cikin leda.

Maganar wanda ke da ikon cewa ga tortellini ta gaskiya ta sake tashi a Bolonya a 2019. Don bikin waliyyin birnin, San Petronio, na ranar 4 ga Oktoba, masu shirya taron suka yanke shawarar yin ƴar kaɗan da naman kaza kusa da ta gargajiya, domin waɗanda ba sa cin alade su zauna a ci tare da su. Aka yi ca a kan babban limamin Katolika na birnin, Matteo Zuppi. Matteo Salvini, shugaban jam'iyyar Lega, yana cikin waɗanda suka ce ana shafe tarihin Italiya don a faranta wa baƙi. Masana tarihin abinci suka buɗe tsofaffin littattafai, suka nuna cewa naman kaza da na zakara sun daɗe cikin wannan kwaɓi, tun zamanin Scappi, shekara 404 kafin takardar 1974. An yi bikin a babban dandalin birnin, an dafa iri biyun.