Wa Ake Fara Ambata a Labaran Rediyo?

Duk wanda ya saba sauraron labarai da Hausa ya san tsarinsu: taken tasha, sallama, kanun labarai, cikakkun labaran, rahotannin wakilai, sannan a maimaita kanun saboda wanda ya kunna rediyonsa a makare. Ko a Kaduna ko a Yamai ko a Landan, haka abin yake. Inda tashoshi suka sha bamban shi ne labarin da suke sakawa a gaba. A ganina, tun da rediyo ya shigo ƙasar Hausa, wannan zaɓi ne ya fi komai nuna wa mai sauraro tashar da zai gaskata.

Kafin zuwan rediyo, saƙon hukuma ta bakin mai shela yake isa ga talakawa. Yakan tsaya a kasuwa ko a ƙofar gari ya fara da cewa sarki ya gaishe ku, sannan ya faɗi umarnin. Nauyin magana daga mai aiko ta yake fitowa. Da Turawan mulkin mallaka suka kawo rediyo mai waya, a Legas a 1935, a Kano kuma a 1944, ba su rushe wannan ɗabi'a ba. Akwati ne da ake liƙawa a bango, tasha ɗaya tak yake kamawa, mai gida ba shi da abin murɗawa ya nemi wata. Gidajen da suka biyo baya, daga hukumar watsa labarai ta Nijeriya ta 1951 zuwa gidan rediyo da talabijin da gwamnatin Sardauna ta kafa a Kaduna a 1962, duk na gwamnati ne, haka ma Rediyon Nijar na 1958, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974. Sai jerin labarai ya bi jerin muƙamai: shugaban ƙasa, gwamna, kwamishina, ciyaman. In kasuwa ta ƙone, ba a fara cewa gobara ta cinye rumfuna kaza ba, sai a ce gwamna ya jajanta wa 'yan kasuwa. Gobarar kanta a jimla ta uku za a ji ta.

Sashen Hausa na BBC ya zo da wata al'adar. Ya fara ne ranar 13 ga Maris, 1957, da shiri na minti 15 a muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, kuma da farko yawancin abin da ake karantawa fassara ce daga Turanci. Amma tsarin ɗakin labaran Landan ya biyo fassarar: abin da ya fi girma shi ke zuwa farko ko da babu mai muƙami a cikinsa, kowace magana a jingina ta ga wanda ya faɗe ta, a nemi ta bakin ɗaya ɓangaren, a kuma raba labari da sharhi. Muryar Jamus ta buɗe sashen Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Da ƙaramin rediyo mai batir ya yi araha, manomi da makiyayi da mai shayi suka sami damar kwatanta jeri biyu a yini guda. Bambancin ya fi fitowa fili a ranakun juyin mulki. A Janairun 1966 Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa a Rediyon Kaduna, a Fabrairun 1976 Laftanar Kanar Dimka ya yi nasa a Legas. Tashar da ta saba farawa da shugaba, ranar da ba a san wane ne shugaban ba, ba ta da labarin farko, sai kiɗan soja. A irin wannan rana ake komawa tashoshin ƙetare a gajeren zango.

Wani zai ce laifin takunkumi ne, ba na jeri ba, tunda sojoji sun ɗaure 'yan jarida. Gaskiya ne, Doka ta 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor gidan yari. Sai dai jerin muƙamai ya girmi mulkin soja, kuma bai tafi da tafiyarsa a 1999 ba. Edita yana iya kauce wa ƙarya gaba ɗaya, amma in kullum yana ajiye mutuwar mutane a bayan buɗe taron bita, mai sauraro zai gane wanda ake wa hidima. Wani kuma zai ce ai son abin waje ne kawai, kuma tashoshin ƙetaren ma suna da manufa. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, domin ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce ta riƙa ɗaukar nauyin shirye-shiryen BBC na ƙetare har 2014. Amma Mosko da Beijin ma sun watsa shirye-shirye da Hausa a zamanin yaƙin cacar baka, ba su kuwa sami kunnen da Landan ta samu ba, saboda su ma da shugabanninsu suke farawa. Nisan tasha bai isa ya saya mata yarda ba.

Bai kamata a zalunci Rediyon Kaduna ba. Mutane sun ƙaunace shi, sun haddace lokacin shirin Jakar Magori, sun dogara da shi wajen sanarwar rasuwa da cigiya da ganin wata, inda aikin mai shela yake da amfani na haƙiƙa. A labaran siyasa ne suke neman shaida ta biyu. Bayan dokar 1992 ta halatta tashoshi masu zaman kansu, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, shirinta na Inda Ranka kuma ya nuna cewa rikicin unguwa da kukan mai haƙuri a asibiti suna iya zama kan gaba. Matsalar da ta taso a tashoshin FM da yawa ita ce filin da ɗan siyasa ya saya, wanda ake gabatarwa da irin murya da irin kiɗan da ake karanta labarai da su, ba tare da an faɗa wa mai sauraro cewa an biya kuɗi ba.