Daga Doki Zuwa Babur: Tarihin Rakiyar Sallah a Ƙasar Jega

Tun wajajen 1820 da Malam Buhari ɗan Abdussalam ya kafa Jega a gefen Gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu, doki ne adon ranar sallah. In an sauko daga idi, sarki ya hau, hakimai da fadawa su rufa masa baya, kowa da muhallinsa, ba mai wuce na gaba da shi. Talaka kuwa ƙafa ce dokinsa, sai kallo daga bakin hanya.

Babur ya fara sauya wannan hali bayan kuɗin Udoji na 1975, sa'ad da malaman makaranta da ma'aikata suka sayi Honda da Suzuki da Yamaha. Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan 1986 ya haifar da sana'ar kabu-kabu, sannan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ya ƙara zirga-zirga tsakanin Jega da Aliero da Maiyama da Birnin Kebbi. Da Jincheng na ƙasar Sin da Bajaj na Indiya suka cika kasuwa da araha, manomin albasa a Aliero ya iya mallakar babur da cinikin kaka ɗaya. Ta haka saurayin da kakansa bai taɓa riƙe linzami ba ya samu abin hawa, samari suka riƙa yin anko, su jeru a rakiyar sallah da kai amarya da tarbon mahajjata.

Sai dai babur ya gaji matsayin doki, bai gaji ladabinsa ba. Mahayin doki yana da uban tafiya mai tsawata masa, amma ayarin babura sau da yawa ba shi da jagora. Ko dokar hular kwano da aka fara tilastawa a Janairun 2009 ba ta kama ƙasa a garuruwanmu ba. Masu ɗorin Aliero, waɗanda sunansu ya kai ko'ina a Arewa, su ne shaidun abin da ganganci ke haifarwa.

'Yan uwa mazauna birane, da yawa cikin baburan nan da kuɗinmu aka saye su. Wajibinmu ne mu zauna da iyayen ƙasa da shugabannin samari, a ba ayarin babura layinsa da jagoransa kamar yadda magabata suka tsara wa dawaki. Allah Ya maimaita mana lafiya.