Tsoron da ke kwana a cikin gida: nazarin littattafan ban tsoro guda biyu

Duk wanda ya taso da tatsuniyar Dodo ya san tsoron abu mai ƙaho da farata ba ya daɗewa, da gari ya waye sai ya gushe. Haka abin yake a ƙagaggun labaran Turawa. Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, ya yi suna, amma mai shan jinin baƙo ne, aka bi sawunsa har ƙasarsu aka halaka shi, hankalin mai karatu ya kwanta. A ganina, littafin da ke hana barci shi ne wanda masifar ta ɓullo daga zuciyar mutumin da kake tausaya wa.

Shirley Jackson, Ba'amurkiya, ta gane wannan a The Haunting of Hill House na 1959. Eleanor ta shafe shekara 11 tana jinyar mahaifiyarta, ba miji, ba ƙawa, ba gidan kanta. Sai wani mai bincike, Dakta Montague, ya gayyace ta zama a wani tsohon gida da ake cewa akwai fatalwa. Fatalwar ba ta taɓa bayyana ba. Wani dare Eleanor na kwance cikin duhu tana jin kukan yaro, ta damƙe hannun Theodora, wata da aka gayyata gidan tare da ita, gam. Da haske ya dawo sai ga Theodora zaune a kan gadonta, ashe ba hannunta ta riƙe ba. Marubuciyar ba ta bayyana mai hannun ba har littafin ya ƙare, kuma ba ta raba gardama ba, ko gidan ne ke neman Eleanor, ko kaɗaicinta ne ke girgiza gidan.

Pet Sematary na Stephen King, na 1983, ya fi shi ɗaci. Likita Louis Creed ya koma wani ƙauye a jihar Maine, gidansa na bakin titin manyan motoci. Kyanwarsu ta mutu, maƙwabcinsa ya kai shi wani tsohon wurin binne matattu a daji, inda abin da aka rufe yake dawowa. Ya binne ta a can, ta dawo, amma tana wari, halinta ya sauya. Louis ya ga wannan da idonsa. Duk da haka, da mota ta take ɗansa Gage, sai ya tone kabarin yaron cikin dare, ya rungumi gawar ya nufi dajin.

A nan ƙarfin littafin yake. Tun kafin uban ya ɗauki shebur ka san inda za shi, kuma zuciyarka ta kasa zarginsa. Mu da muke cewa "Allah ya ba da haƙuri" a zaman makoki za mu ji nauyinsa ƙwarai, domin labari ne na uban da ya ƙi karɓar ƙaddara. King da kansa ya ce ya ajiye rubutun na wani lokaci saboda yana ganin ya wuce gona da iri.

Mai son gwadawa ya fara da na Jackson. Na King kuwa, wanda bai daɗe da yin rashi ba ya dakata tukuna.