Guntun Katakon da Ya Zama Abin Gado: Tarihin Jitar Lantarki da Masu Riƙe Ta

A watan Oktoba na 2024, a wani ɗakin gwanjo da ke Landan, an fito da wata tsohuwar jita wadda fentinta ya kusa ƙarewa, katakon ya fito fili ya yi duhu saboda gumin shekara da shekaru. Wanda bai san ta ba zai ɗauka daga kwandon shara aka tsinto ta. An sayar da ita a kan fam 889,400. Mai ita, Rory Gallagher, mawaƙin ƙasar Ailan da ya rasu a 1995, ya saye ta ne a birnin Cork a 1963 a kan fam 100, yana ɗan shekara 15, yana biya kaɗan-kaɗan. Kafin ranar gwanjon mutanen Ailan sun yi ta kiraye-kirayen kada a bari jitar ta fita daga hannunsu, kuma kamfanin da ya saye ta ya ba da ita kyauta ga gidan tarihin ƙasar.

Jitar ƙirar Fender Stratocaster ce ta 1961, irin wadda masana'anta ke fitarwa da yawa. Me ya sa ƙasa guda za ta tashi tsaye a kan kayan da aka ƙera domin a sayar wa kowa? Amsar tana cikin yadda aka fara ƙera shi da kuma hannuwan da ya ratsa.

Matsalar da ta haifi jitar

Jita ta asali tana da ciki, kamar yadda garaya da gurmi ke da ƙoƙo. Idan aka taɓa tsirkiya, cikin ne ke ɗaukar sautin ya ƙara masa ƙarfi. A manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka a shekarun 1930, inda ake busa ƙaho ana dukan ganguna, ba a jin mai jita sam. Sai aka ƙirƙiro wata 'yar na'ura ta maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, a ɗora ta ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe, ta mayar da girgizarsu lantarki, a tura shi zuwa lasifika.

Daga nan wata matsala ta kunno kai. Da zarar an ƙara murya, sautin lasifika yakan koma cikin jitar ya girgiza ta, maganaɗisun ya sake ɗauka, sai wani kuka mai huda kunne ya tashi. Maganin shi ne a cire cikin gaba ɗaya. Wajen 1940 makaɗi Les Paul ya ɗaura wuyan jita da tsirkiyoyi a jikin guntun gungume, ya kai wa kamfanin Gibson, suka ƙi karɓa.

Mai gyaran rediyon da bai iya kaɗa jita ba

Wanda ya fara cin kasuwa da wannan dabara shi ne Leo Fender, wanda ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1938. Har ya rasu a 1991 bai iya kaɗa jita ba. Tunanin mai gyara yake da shi: yaya za a ƙera abu cikin sauri, kuma idan ya lalace yaya za a gyara shi ba tare da wahala ba? Jitar da ya fitar a 1950, wadda ta koma suna Telecaster a 1951, falan katako ce kawai, an ɗaure mata wuya da kusoshin murɗawa guda huɗu. Idan wuyan ya lanƙwashe, a kwance shi a sa wani. Masu tsohuwar sana'a, waɗanda ke sassaƙa jita suna manne ta da gam kamar goge, sun yi ta yi masa ba'a. Da suka ga ana saye, Gibson suka nemo Les Paul suka fitar da tasu da sunansa a 1952.

A 1954 Fender ya fitar da Stratocaster a kan dala 249.50. Tana da maganaɗisu uku, an fafe bayanta daidai inda take haɗuwa da haƙarƙarin makaɗi, an rage gabanta inda hannu ke kwanciya, domin makaɗan da ke kwana suna wasa a gidajen rawa sun koka cewa kusurwar Telecaster tana cin jiki. Duk abin da ke jikinta yana da dalili na aiki. Fender kayan sana'a ya ƙera wa masu neman abinci da kiɗa, kuma bai yi tunanin gidan tarihi ba.

Inda sha'awa ta shiga

Abin da ya sauya lissafin shi ne ido. A watan Disamba na 1957 Buddy Holly ya fito a shirin talabijin na Ed Sullivan riƙe da Stratocaster, samari masu ɗimbin yawa suka ga siffar da ba su taɓa gani ba. A Ingila, inda takunkumin shigo da kaya na bayan yaƙi ya sa jitar Amurka ta yi wuyar samu, Cliff Richard ya yi wa makaɗinsa Hank Marvin odar wata ja a 1959. Jar jitar ta zama mafarkin yaran Birtaniya da Ailan na wannan zamani. Ana ma ba da labarin cewa jitar Gallagher wani makaɗi ne ya fara yin odarta yana son ja irin ta Marvin, aka aiko masa da wani launi, daga baya ya mayar da ita shago.

A nan dalilin mallaka na farko yake, kuma har yau bai canja ba: mutum yana son ya riƙe abin da ya gani a hannun wanda ya burge shi yana yaro. Labarin Gibson ya tabbatar da haka. Les Paul da suka ƙera tsakanin 1958 da 1960, kimanin guda 1,700, ba ta yi kasuwa ba, suka daina yin ta. Sai Eric Clapton ya kaɗa ɗaya a faifan da ya yi da John Mayall a 1966, matasa suka bazama shagunan tsofaffin kaya suna nema, har kamfanin ya dawo da ƙirar a 1968. Kayan da aka rasa mai saye jiya, yau ana sayar da shi a kan dubban ɗaruruwan daloli.

Kasuwar tsufa

A 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13. Makaɗa da yawa sun koka cewa inganci ya ragu a shekarun da suka biyo baya, sai aka soma fifita duk jitar da aka ƙera kafin cinikin. Masu tara kayan tarihi suka mayar da shekarar ƙira da ainihin fenti da ainihin kusoshi ma'aunin daraja.

Sai dai manyan jitocin tarihi ba su bi wannan ma'auni ba. Farar Stratocaster da Jimi Hendrix ya kaɗa a bikin Woodstock a 1969 ƙirar zamanin CBS ce. Haka baƙar jitar David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd, wadda aka sauya wa wuya sau da yawa, aka canja mata maganaɗisu, amma aka sayar da ita dala 3,975,000 a 2019. Ta Clapton kuwa, wadda yake kira Blackie, haɗe-haɗe ce daga jitoci uku da ya saya a Nashville a 1970, kuma ta yi dala 959,500 a 2004. Mai saye a nan hannun da ya riƙe kayan yake biya, da waƙoƙin da aka yi da shi.

Kamfanoni sun gane haka. Tun 1995 Fender ke sayar da sababbin jitoci da aka kankare wa fenti, aka sa wa ƙarfensu tsatsa da gangan, kuma sun fi masu sheƙi tsada. Har kwafin jitar Gallagher an yi, tabo da tabo. Wasu makaɗa na cewa irin wannan ta fi daɗin riƙewa, kuma mutum ba ya fargabar ƙarzane ta. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma tabon da ke jikin ta Gallagher yana da labari: an taɓa sace ta a Dublin, aka yi cigiyarta a talabijin, aka tsince ta a yashe bayan ruwan sama ya yi kwanaki yana dukanta, ya ci gaba da kaɗa ta har ƙarshen rayuwarsa. Kwafin yana da siffar tabon, labarin kuma ya rage a wurin mai shi.

Daga Fullerton zuwa Agadas

Akwai inda wannan jita ke nan a matsayin da Leo Fender ya nufe ta da shi, kuma wurin ba shi da nisa da mu. A arewacin Nijar, kiɗan jita na Abzinawa ya daɗe yana cikin bukukuwan aure. Mdou Moctar, wanda duniya ta sani yanzu da farar Stratocaster da yake kaɗawa da hannun hagu, ya fara ne da jitar da ya haɗa da kansa, da katako da wayar birkin keke, saboda gidansu ba su yarda da kiɗa ba. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ya yaɗu ne daga waya zuwa waya kafin wani kamfanin waje ya san da shi.

Ga makaɗin da ke wasa a fili cikin ƙura da zafi da wutar janareta, falan katakon da ba shi da cikin da zai tsage, wanda ake kwance wuyansa da sukurdireba, shi ne abin da ya dace. Fentin da ke goguwa a jikin jitar makaɗin biki a Agadas yana goguwa ne ta hanyar da na Gallagher ya gogu a gidajen rawa na Cork, wato da hannu da gumi da yawan aiki. Idan wata rana 'ya'yansa suka ƙi sayar da ita, dalilinsu ɗaya ne da na mutanen Ailan a watan Oktoba na 2024.