Yadda ake amfani da hutun aiki wajen rage tarkace da kimtsa gida

Ma'aikacin da yake fita da sassafe ya dawo bayan Magariba ba ya cika lura da abin da yake taruwa a gidansa. Kwalin talabijin da aka ajiye tun ranar da aka saye ta, tsohuwar fanka da ake jiran mai gyara, jakunkunan tufafin da yara suka girme wa, da ledar magungunan da ba a san lokacin da aka karɓo su ba, duk suna samun wurin zama a ƙarƙashin gado da saman sif da lungun sito.

Hutun aiki shi ne lokacin da ya fi dacewa a waiwayi waɗannan kaya, ko hutun shekara ne, ko na Sallah, ko na Kirsimeti da Sabuwar Shekara. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun aƙalla kwana shida na aiki, da cikakken albashi, ga wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa, kuma ma'aikatu da dama suna bayar da fiye da haka. Kwana uku daga ciki sun isa a sauya fasalin gida matsakaici, matuƙar an bi tsari.

Al'ada ce da ta daɗe

Ware lokaci na musamman domin babbar shara abu ne da al'ummomi da yawa suka saba da shi. A Japan ana yin abin da suke kira osoji a ƙarshen watan Disamba, inda gidaje da ofisoshi da makarantu suke fitar da komai a share kafin shiga sabuwar shekara. A Iran akwai khane tekani, wato "girgiza gida", da ake yi gabanin bikin Nowruz na watan Maris.

A ƙasar Hausa, makon ƙarshe na azumi ya kasance lokacin wanke labule, sauya leda ko kafet, da sake jeren ɗaki saboda baƙin Sallah. A matakin hukuma kuwa, tun 1985, a ƙarƙashin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka shigo da tsaftar muhalli ta wata-wata, wadda jihohi irin su Kano suke gudanarwa a Asabar ɗin ƙarshen wata.

Sai dai shara daban, rage kaya daban. Ana iya share ɗaki tas a mayar da tarkacen inda yake. Rage kaya yana buƙatar a yanke hukunci a kan kowane abu: zai zauna, ko zai fita.

Lamarin ya wuce ado

Dalili na farko shi ne lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa, kuma ya fi ƙamari da rani. Tarin kwalaye da tsummokara da buhunan da ba a motsawa su ne mafakar ɓera, musamman idan suna kusa da hatsi.

Tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da fasassun bokitai da aka watsar a tsakar gida ko bayan ɗaki suna tara ruwa da damina. Sauro yana iya tasowa daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako guda zuwa kwana 10 a yanayin zafi, kuma nau'in Aedes, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengue, ya fi son irin waɗannan mazubai.

Da hunturu kuma sai batun gobara da ƙura. Katifar soso da aka jingine, takardu da jarkar fetur ta janareta idan suka haɗu a sito ɗaya, tartsatsi kaɗan ya isa. Ƙurar da take kwanciya a kan kayan da ba a taɓawa tana tayar wa masu asma ciwonsu.

Tsarin aiki

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zazzage gida gaba ɗaya a ranar farko, gajiya ta zo, a tattara komai a mayar. Abin da ya fi shi ne a raba aikin gida-gida, a ware awa uku zuwa huɗu a kowace rana, da safe kafin rana ta take.

Marie Kondo, 'yar Japan da littafinta a kan kimtsa gida ya fito a 2011 kuma aka fassara shi zuwa harsuna da dama, ta ba da shawarar a bi kaya nau'i-nau'i maimakon ɗaki-ɗaki: a tara dukkan tufafi wuri guda, sannan littattafai, sannan takardu, a bar kayan tunawa zuwa ƙarshe. Hikimar ita ce mutum ba ya sanin yawan abin da ya mallaka sai ya gan shi a tare.

A gidajenmu ya fi kyau a ɗan sauya jerin, a fara da abin da yake da haɗari. Kafin a soma, a tanadi wuri huɗu: na abin da za a riƙe, na kyauta ko sadaka, na sayarwa, da na zubarwa. Abin da ake cewa "za a gyara" a sa masa wa'adi. Idan hutu ya ƙare bai je wurin mai gyara ba, ya koma rukunin sayarwa. A sa takunkumin fuska da safar hannu, a yayyafa ruwa kafin shara inda aka ga kashin ɓera, domin kada ƙurarsa ta tashi.

Magunguna da sinadarai

A duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin kowane magani. Wanda ya wuce lokaci, ko ya sauya launi, ko aka rasa kwalinsa har ba a san na mene ne ba, a fitar da shi. Maganin yara na gari da ake haɗawa da ruwa, irin amoxicillin, ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu bayan haɗawa, kuma yawancin magungunan ɗigawa a ido ana daina amfani da su mako huɗu bayan buɗewa. Kada a bai wa maƙwabci ragowar magani da sunan taimako, kada kuma a jefa shi a bola yadda yara za su tsinta. A nemi shawarar mai kantin magani mai rajista a kan yadda za a zubar.

Kananzir, fiya-fiya, maganin ɓera da sinadarin wanke banɗaki kada su zauna a robar ruwa ko kwalbar lemo, domin ta haka yara da yawa suke shan guba. A bar su a mazubinsu na asali, a sama, nesa da abinci. Tsohon batirin mota ko na sola yana ɗauke da dalma da asid, saboda haka a kai shi ga masu sayen batir, kada a fasa shi a gida.

Takardu

Nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin takarda guda da ta bi shara tana iya jawo zirga-zirgar watanni. A ware takardar haihuwa, takardar lambar NIN, sakamakon WAEC da NECO, shaidar kammala karatu da ta NYSC, takardar kama aiki da ta ƙarin girma, takardun fansho, takardun fili da gida, da yarjejeniyar haya ko bashi.

A sa na kowane mutum a fayil ɗin roba daban, a rubuta sunansa, a ajiye a wuri mai tsayi da gara da danshi ba sa kaiwa. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a adana a imel ko Google Drive, sannan a sanar da mutum ɗaya amintacce inda suke. Iyalai da dama sun sha wahalar karɓar haƙƙin mamaci saboda babu wanda ya san inda ya ajiye takardunsa.

Takardun banki da duk abin da yake ɗauke da lambar asusu ko BVN a yayyaga su kafin zubarwa. Tsofaffin shafukan Alƙur'ani da takardu masu sunan Allah kuwa ba a haɗa su da shara. Ana ƙona su ko a binne su a wuri mai tsarki.

Tufafi da kicin

Ma'auni mai sauƙi ga tufafi shi ne shekara guda. Rigar da Sallah biyu da hunturu da damina suka wuce ba a sa ta ba, da wuya a sake sa ta. Ankon biki shi ne ya fi cika akwati, tunda yawanci sau ɗaya ake sa shi. Wanda yake da kyau a wanke, a goge, a bayar. Wanda ya yage ya zama tsumman goge-goge. Ba mutunci ba ne a bai wa mabuƙaci abin da mai bayarwa zai ji kunyar a gan shi da shi.

A kicin, a fitar da robobin da ba su da murfi, tukwanen da suka huje, da kayan gwangwani da suka kumbura. Hatsi da garin tuwo da wake su koma mazubi mai murfi, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Abin da ake amfani da shi kullum ya zauna inda hannu yake kaiwa, manyan tukwanen biki su koma sama.

Kayan da ba naka ba

Wannan shi ne wurin da aikin alheri yake iya zama rigima. Kayan ɗakin mace, daga gado da kujeru zuwa kwalla da samira da tasoshin da iyayenta suka yi mata, mallakinta ne. Miji ba shi da hurumin ya sayar ko ya bayar da su don yana ganin sun tsufa. Haka nan a gidan da ake da mata fiye da ɗaya, ko ake zaune da iyaye, kowa shi zai yanke hukunci a kan nasa. Tsohuwar adudu da matashi yake gani tarkace ce, wataƙila ita ce abin da ya rage wa kaka daga mahaifiyarta.

Kayan mamaci kuwa gado ne. Tufafinsa da littattafansa da agogonsa haƙƙin magada ne, ba a sadaka da su sai an raba ko magadan sun amince, kuma rabon maraya ƙarami ba a bayar da shi a madadinsa. Akwai kuma ajiyar mutane da kayan aro. Hutu dama ce ta mayar wa kowa nasa.

Yara ma a sa su a ciki. Yaron da ya zaɓi kayan wasan da zai bai wa wani da hannunsa ya koyi abin da faɗa ba zai koya masa ba.

Ina za a kai su?

Ƙarafa, alminiyam, tagulla da robobi suna da kasuwa. 'Yan gwangwani suna saye a kan kilo, kuma kasuwanni irin su Panteka a Kaduna sun shahara da wannan sana'a. Kayan ɗaki da atamfofi masu daraja dillalai suna sayar da su, tufafi da littattafai kuma gidajen marayu da makarantun unguwa da sansanonin 'yan gudun hijira suna buƙata. Kafin a sayar da tsohuwar waya ko kwamfuta a goge duk abin da yake ciki, a cire layi da katin ajiya.

Abin da ya zama shara a kai shi wurin da hukuma ta tanada, kamar REMASAB a Kano ko AEPB a Abuja. Zubawa a kwata yana toshe magudanar ruwa ya jawo ambaliya, ƙona roba da leda a cikin unguwa kuma yana fitar da hayaƙi mai guba.

Idan tara kaya ya zama lalura

Akwai bambanci tsakanin mai sakaci da wanda ba ya iya rabuwa da komai. Tun 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya matsananciyar tara kaya a matsayin lalura mai zaman kanta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a kundinta na cututtuka, ICD-11. Alamarta ita ce kaya su cika ɗaki har a kasa amfani da shi, mai su kuma ya shiga tsananin damuwa idan aka ce za a taɓa. Kwashe kayan irin wannan mutum a bayan idonsa yana ƙara dagula lamarin. Abin da yake buƙata shi ne lallashi da ganin likita.

Bayan an koma aiki

Gidan da aka kimtsa yana komawa yadda yake cikin 'yan watanni idan ba a sauya ɗabi'a ba. Kowane abu ya samu wurin zama da kowa ya sani. Idan sabuwar riga ta shigo, tsohuwa ɗaya ta fita. A ajiye jaka guda ta kayan kyauta, duk lokacin da ta cika a fitar da ita. Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata kuma, tunda an taƙaita zirga-zirga da safe, ta isa a leƙa sito da ledar magani, domin hutun baɗi ya zama na hutawa da ziyarar dangi.