Tarihin Faifan Taɓawa na Kwamfuta da Dalilan da Ke Hana Shi Dannuwa

Faifan taɓawa, wato ɗan filin nan mai santsi da ke ƙasan madannan rubutu a kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda ake shafawa da yatsa domin motsa kibiya a kan allo, ya gaji aikinsa ne daga linzamin kwamfuta, na'urar da Douglas Engelbart da Bill English suka fara ƙerawa da katako a cibiyar bincike ta Stanford da ke Amurka, aka kuma nuna ta ga jama'a a San Francisco a watan Disamba na 1968. Aiki biyu linzamin yake yi, nuna abu da kuma zaɓensa ta hanyar dannawa, kuma na biyun ne ya fi sauya kama a tsawon shekaru, ta yadda dalilin da ke hana faifai dannuwa a kwamfutar 1995 ba shi ne ke hana shi a ta 2016 ba.

Da aka fara ƙera kwamfutocin da ake ɗorawa a cinya, sai aka rasa teburin da za a ja linzami a kai, don haka kowane kamfani ya nemi tasa dabarar. Apple ya dasa ƙwallo mai juyawa a PowerBook na 1991, IBM kuma ya kafa ɗan jan ɗigon roba a tsakiyar madannan ThinkPad a 1992. A 1994 ne Apple ya fito da jerin PowerBook 500 ɗauke da faifan taɓawa, bisa fasahar kamfanin Cirque na George Gerpheide da ke jihar Utah. A ƙarƙashin faifan akwai raga ta siraran layukan lantarki, kuma da yake jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, kusantar yatsa tana sauya cajin da ke mahaɗar layukan, daga nan na'urar take gane inda yatsan yake; wannan ne ma ya sa gumi ko ɗigon ruwa ke rikita kibiya. Faifan wancan zamani ba ya motsi ko kaɗan, domin maɓallin dannawa daban yake a gefensa na ƙasa, kuma idan ya ƙi aiki, da wuya laifin ya wuce ƙura ko gajiyar maɓallin, abin da mai gyara zai goge ko ya musanya ba tare da ya taɓa sauran kayan ciki ba.

Babban sauyi ya zo a watan Oktoba na 2008, lokacin da Apple ya cire maɓallin gaba ɗaya, ya mayar da faifan gilashi, ya kuma sa shi kansa ya zama abin dannawa. An maƙale shi ta gefen sama kamar murfin akwati, aka ɓoye ɗan ƙaramin maɓallin ƙarfe a ƙarƙashin gefen ƙasa, shi ya sa yake dannuwa cikin sauƙi ta ƙasa amma yana taurin kai ta kusa da madannan rubutu. Sauran kamfanoni sun bi sahu, sai dai tsarin ya zo da rauni wanda bai bayyana ba sai da kwamfutocin suka kwana biyu. Faifan yana buƙatar 'yar tazara a ƙarƙashinsa kafin ya nutsa, alhali a daidai wurin ne ake shimfiɗa batir, wanda tun daga 2009 Apple ya koma rufe shi a cikin jikin kwamfutar. Batirin litiyom mai kwanson leda, idan ya tsufa, ko ya sha zafi, ko aka bar shi kullum a jikin caji, sinadaran cikinsa kan fitar da iska su kumbura shi, sai ya tokare faifan daga ƙasa. Da fari dannawar kan yi tauri, daga baya ta mutu, a ƙarshe gilashin ya ɗago daga mazauninsa ko ma ya tsage. Gogaggen mai gyara, musamman a kasuwannin da tsofaffin kwamfutocin tokumbo suka fi yawa kuma zafin rana yake da tsanani, yakan fara ɗora kwamfutar a kan tebur ya ga ko tana rawa, ya duba ko murfinta yana rufuwa ruf, kafin ya ɗauki sukundireba. Wanda ya sauya faifan ya bar batirin ya yi aikin banza, wanda kuwa ya huda batirin don ya sace iskar ya sayi gobara da kuɗinsa.

A watan Maris na 2015 Apple ya sake taka wani mataki da faifan da ya kira Force Touch, wanda ba ya nutsawa sam. Na'urori huɗu masu auna nauyin yatsa ne ke ƙarƙashinsa, tare da wani maganaɗisun lantarki da ke ɗan girgiza gilashin a daidai lokacin da aka matsa, har yatsa ya rantse cewa wani abu ya nutsa. Hujjar da ke tona wannan ruɗi mai sauƙi ce, domin idan aka kashe kwamfutar, faifan yakan zama sandararren gilashi. Wannan ƙira ta kawar da maɓallin da ke gajiya, abin a yaba, amma ta mayar da matsalar inda ido ba ya gani: siririyar wayar da ke haɗa faifan da babban allon lantarki, ko manhajar da ke sarrafa shi, ko wani saiti da aka kashe bisa kuskure. Saboda haka bincike a irin wannan kwamfuta yakan fara ne da sake kunna ta da duba saituna, sannan a zo kan waya. Akwai kuma saitin da ke karɓar ɗan bugun yatsa a madadin dannawa, wanda masu kwamfuta da yawa kan kunna idan faifan ya ƙi dannuwa su ci gaba da aikinsu, su yi watanni ba su san cewa batirin da ke ƙarƙashin tafin hannunsu yana ƙara kumbura ba.